AURE KO FANSHO: LABARIN MATAN ƳAN SANDA A ƘASAR BIRTANIYA

A ƙasar Birtaniya akwai wata doka da ta daɗe tana ta da ƙura. Dokar ta shafi matan ƴan sanda waɗanda mazansu suka rasu. Hukuma tana biyan waɗannan mata kuɗi kowane wata, su ci, su sha, su riƙe gida. Amma ranar da mace ta sake aure, ran nan kuɗin ke tsayawa. Shekara da shekaru ke nan matan suna kuka, suna cewa gaba kura ne baya sayaki. In mace ta yi aure ta rasa kuɗi. In ta riƙe kuɗi ta zauna ita kaɗai har tsufa. Mazan da suka auri ƴan sanda mata, matan suka rasu, su ma dokar ta hau kansu.

Birtaniya nesa take da Maraɗi da Damagaram da Tawa. Amma mutuwa da takaba da zawarci ba baƙi ba ne a kowane gari. Don haka labarin ya cancanci a karanta shi a tsanake.

MENE NE FANSHO?

Manomi in ya yi girbi ba ya cinye hatsinsa duka. Yana zuba wani a rumbu sabo da bazara. Ma'aikacin gwamnati ba shi da gona, albashi ne hatsinsa. To, kowane wata ana cire wani abu daga albashinsa, hukuma ita ma ta ƙara nata. Ranar da ya tsufa ya aje aiki, sai a riƙa biyan shi kuɗi wata wata har ƙarshen ransa. Wannan kuɗi shi ake kira fansho.

In ma'aikacin ya rasu, ba duka kuɗin ke tsayawa ba. Ana ci gaba da biyan wani kashi ga matarsa. Ƴaƴansa ƙanana su ma suna da nasu rabo dabam, har su girma. Rabon matar shi ne ake rigima a kansa.

Kafin a shiga rigimar, ya kamata a san Birtaniya ƙasa ɗaya ce mai yanki 4 ƙarƙashin sarki guda. Akwai Ingila, inda babban birni Landan yake. Akwai Wels, akwai Sikotilan, akwai kuma Ailan ta Arewa. Ingila da Wels dokar ƴan sandansu ɗaya ce. Sikotilan da Ailan ta Arewa kowace tana da ikon gyara tata. Mai karatu ya riƙe wannan, zai yi amfani a gaba.

TUSHEN ABIN

A shekarar 1890 aka yi dokar da ta ba ɗan sanda haƙƙin fansho in ya daɗe yana aiki. A watan Agusta na 1918, ana cikin yaƙin duniya na farko, ƴan sandan Landan suka yi yajin aiki sabo da ƙarancin albashi. Shugaban gwamnati na lokacin, Lloyd George, ya sasanta da su. Cikin abin da suka samu har da kuɗin matan da mazansu suka rasu, sule 10 a mako.

A wancan zamani matan aure da yawa ba su da aikin albashi, miji shi ke kawo abinci gida. Masu tsara doka suka ɗauki fanshon mace a matsayin madadin hannun mijin da ya rasu. A ganinsu, in wani namiji ya zo ya ɗauki nauyinta, hukuma ta sauke nata ke nan. Da wannan tunani aka yi ta tafiya, doka bayan doka, har aka zo kan dokar fanshon ƴan sanda ta 1987.

ABIN DA DOKAR 1987 TA CE

A tsarin 1987, shekaru da dama ana cire ma ɗan sanda kashi 11 cikin 100 na albashinsa kowane wata. Wannan yanka ba ƙarami ba ne. Wanda ya cika shekara 30 yana aiki, fanshonsa kashi 2 cikin 3 ne na albashinsa na ƙarshe. In ya rasu, matarsa ta sami rabin fanshon.

Ga misali don lissafin ya fito fili. A ce albashin mutum jika 300 ne. Fanshonsa jika 200 ke nan. In ya rasu, matarsa ta riƙa karɓar jika 100.

Da farko mata kaɗai ake ba wannan kuɗi. Ƴar sanda mace in ta rasu, mijinta ba shi da cikakken rabo irin wannan. Daga shekarar 1990 aka fara lissafa aikin ƴan sanda mata domin mazansu su ma su samu.

Cikin dokar akwai wani sashe da ake kira C9. Shi ne tushen kuka. Sashen ya ce in mace ta sake aure, fansho ya tsaya. A can, mace da namiji suna iya zama gida ɗaya ba tare da ɗaurin aure ba, kuma ba laifi ba ne a gaban hukumarsu. To, sashen bai bar wannan ƙofa a buɗe ba. Ko ba a ɗaura aure ba, muddin suna zaune kamar mata da miji, kuɗin ya tsaya.

In auren na biyu ya mutu, ko sabon mijin ya rasu, hukumar ƴan sanda tana iya mayar mata da fanshon. Amma wannan ganin dama ne, ba tilas ba. Sai ta rubuta ta roƙa, su duba, su yanke.

CIYARWA NE KO GADO?

Duk gardamar a kan tambaya ɗaya take. Wanda ya san hukuncin aure da gado a musulunci zai gane ta da sauri.

Ciyarwa nauyin miji ne. In miji ya rasu, mace ta yi takaba wata 4 da kwana 10. In ta fita takaba ta sake aure, ciyarwa ta koma wuyan sabon miji. Ba wanda zai ce dangin mamaci su ci gaba da auna mata hatsi a gidan wani.

Gado kuwa dabam yake. Matar mamaci tana da tumunin takaba, watau kashi 1 cikin 8 in mamacin ya bar ɗa. In bai bar ɗa ba, tana da rubu'i, kashi 1 cikin 4. Abin da ta samu ya zama nata. In akuya ce ko gona ko kuɗi, ta tafi da abinta. Ko ta yi aure sau 3 bayan haka, ba mai ƙwace mata.

To, gwamnatin Birtaniya ta ɗauki fanshon 1987 kamar ciyarwa. Matan kuwa suna ganin shi kamar gado. Suka ce wannan kuɗi ba kyauta ba ce, mazansu sun biya shi da gumi. Kashi 11 ɗin nan da ake cirewa, daga bakin iyali aka cire shi. Matar ita ma ta ji raɗaɗin yankan, domin da shi za a ƙara cefane ko a sai ma yara tufafi. Ita ce ta kwana da fargaba ranar da mijin ke aikin dare. Ita ce ta yi ƙaura daga gari zuwa gari in an canza mashi wurin aiki. Suka ce rumbun da mutum biyu suka cika, ba daidai ba ne a rufe ma ɗaya don ya yi sabon gida.

Suka ƙara da cewa zamani ya canza. Sabon miji yana iya zama tsoho mai ɗan ƙaramin fansho, ko maras lafiya, ko mai ƴaƴansa da yake ciyarwa. Ba kowane aure ne ke kawo wadata ba. Wata macen abokin hira take nema, da wanda zai miƙo mata ruwa ranar ciwo.

Gwamnati ita ma tana da hujjarta. Ta ce tun farko da wannan sharaɗi aka yi lissafin abin da za a cire daga albashi. Da an ce har abada za a biya, da yankan ya fi haka. Ta ce kuma ba ƴan sanda kaɗai ba ne. Tsofaffin dokokin malaman lekol da ma'aikatan likita da na ofisoshin gwamnati su ma suna da irin wannan sharaɗi. In an buɗe ma ɗaya, sauran za su zo, kuma masu biyan haraji ne za su ɗauki nauyin.

SABON TSARI NA 2006

A watan Afrilu na 2006 aka rufe tsarin 1987 ga sababbin ƴan sanda, aka kawo sabo. A sabon tsarin, mace ko miji suna cin fansho har ƙarshen ransu, ko sun sake aure ko ba su sake ba. Amma sai ɗan sanda ya yi shekara 35 kafin ya cika, ba 30 ba. Fanshon wata wata kuma rabin albashi ne, tare da wani dunƙulen kuɗi da ake ba shi ranar da ya aje aiki. A 2015 aka sake kawo wani tsari, shi ma bai yanke ma mai sake aure ba.

Waɗanda ke bakin aiki a 2006 an ba su dama su koma sabon tsari in suna so. Gwamnati takan kawo wannan a matsayin hujja. Amma wanda ya riga ya aje aiki, da wanda ya riga ya kwanta dama, ba su sami wannan zaɓi ba. Matansu suka rage cikin tsohuwar doka. Sai ga mata biyu a unguwa ɗaya, dukansu matan ƴan sanda, ɗaya ta yi aure da kuɗinta a hannu, ɗaya kuwa tana tsoron ko baƙo ya daɗe a gidanta.

MATAR DA TA ƘI YIN SHIRU

Akwai wata mata mai suna Cathryn Hall a tsakiyar Ingila. Mijinta ɗan sanda ne mai aiki da kare. A ƙarshen shekarar 1987 aka kira shi wurin wata hatsaniya. Ya je ya kwantar da ita, nan take ciwon zuciya ya kama shi, ya rasu a wurin. Shekararsa 40. Ita kuwa shekararta 24, ga ƙaramar ɗiya a hannu.

Ta yi shekaru tana karɓar fansho tana renon ɗiyarta. A 2001 ta yanke shawarar zama da wani mutum, sai aka tsayar da kuɗin. A 2014 ta rubuta takardar koke ta sa a intanet, ta roƙi jama'a su sa hannu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutum fiye da 70,000 suka sa hannu. Ƙungiyar tsofaffin ƴan sanda da ake kira NARPO, wadda aka kafa tun 1919, ta mara ma matan baya.

A watan Fabrairu na 2015 wani ɗan majalisa mai suna Richard Graham ya kai maganar majalisar dokoki a Landan, aka yi muhawara a kanta.

Abin da ya ƙara ma matan ƙarfi shi ne labarin sojoji. A watan Nuwamba na 2014 shugaban gwamnati David Cameron ya ba da sanarwa cewa daga 1 ga Afrilu 2015, matar soja mai cin fansho ba za ta rasa shi ba in ta sake aure. Matan ƴan sanda suka ce su ma mazansu kaki suka sa, kuma ƙasa ɗaya suka yi ma aiki.

ƘASA ƊAYA, DOKA UKU

Ga inda yankunan nan 4 suka rarrabu.

Ailan ta Arewa ita ta fara. Yankin ya yi fama da tashin hankali kusan shekara 30, daga 1969 zuwa 1998. Rundunar ƴan sandansu ta lokacin, mai suna RUC, ta rasa mutum wajen 300 cikin rikicin, mata da yawa suka yi takaba da ƙuruciyarsu. Majalisar yankin ta gyara doka a 2014. Daga 1 ga Yuli 2014, matar ɗan sanda tana riƙe fanshonta har ƙarshen ranta, ko ta wace hanya mijin ya rasu. Waɗanda aka riga aka yanke ma, aka ci gaba da biyan su daga wannan rana.

Sikotilan ta biyo baya daga 1 ga Oktoba 2015, amma gyaran nata bai kai na farko faɗi ba. Ya tsaya ga matan da mazansu suka rasu a bakin aiki. Cikin waɗannan, wadda ta riga ta yi aure aka yanke mata, an mayar mata.

Ingila da Wels su ne suka fi ƙuntatawa. A watan Maris na 2015 ministan kuɗi George Osborne ya ba da sanarwar gyara. Gyaran ya fara aiki 18 ga Janairu 2016, amma ana lissafi daga 1 ga Afrilu 2015. Sharaɗi 2 aka sa. Na ɗaya, mijin ya zama ya rasu sabo da aiki, ko a kan hanyar zuwa aiki ko dawowa. Na biyu, matar ta zama ba ta sake aure ba kafin 1 ga Afrilu 2015. Wadda ta yi aure kafin ranar, ba a mayar mata ba.

Cathryn Hall, wadda ta ɗaga maganar, gyaran bai taɓa ta ba, domin tun 2001 aka yanke nata. Wasu suka ci amfanin wahalarta.

A duba mata 3 da mazansu suka yi shekara 30 suna aiki a tsohon tsari, kowane ya rasu a gida sabo da ciwo. Ta Ailan ta Arewa ta yi aure, kuɗinta na zuwa. Ta Sikotilan da ta Ingila in sun yi aure sun rasa. A duba kuma mata 2 da aka kashe mazansu a bakin aiki, kowace ta sake aure a 2010. Ta Sikotilan an mayar mata, ta Ingila ba a mayar ba. Garin da mijin ya yi aiki, da ranar da aka ɗaura auren, su suka raba su.

A GABAN ALƘALI

Da lallashi bai kai ba, mutum 3 suka kai ƙara babbar kotu, mata 2 da namiji 1. Dukansu sun rasa abokan zama ƴan sandan birnin Landan. Suka kafa hujja da yarjejeniyar ƙasashen Turai ta 1950 mai kare haƙƙin ɗan Adam. Sashe na 12 na yarjejeniyar ya ba kowane baligi haƙƙin yin aure. Suka ce dokar da ke sa mutum ya ji tsoron aure ta taɓa wannan haƙƙi.

A watan Mayu na 2022 alƙali Fordham ya yanke hukunci, masu ƙara ba su yi nasara ba. Suka ɗaukaka ƙara. A watan Disamba na wannan shekara kotun ɗaukaka ƙara ita ma ta ƙi. Kotunan sun ga dokar ba ta hana kowa aure ba, kuma da sharaɗin aka gina tsarin tun farko. Hukuncin ya bar sashen C9 a inda yake. Canza shi ya rage ga gwamnati da majalisa.

A watan Mayu na 2023 gwamnati ta waiwayi matan sojoji waɗanda mazansu suka rasu sabo da aikin soja, aka kuma yanke masu fansho kafin 2015 don sun sake aure. Ta ce za ta ba kowace fam 87,500 sau ɗaya, watau sama da miliyan 60 na kuɗin sefa. Wannan kuɗi na matan sojoji ne kaɗai, matan ƴan sanda ba su ciki.

ABIN LURA

Wanda ya bi labarin nan zai ga abu 2. Na farko, doka ba dutse ba ce. Mutane ne suka rubuta ta, mutane ne ke gyara ta. Abin da aka samu a 2014 da 2015 da 2016, mata ne suka same shi da takarda da alƙalami. Sun karanta dokar, sun gane sashen da ya cuce su, sun rubuta koke, sun haɗa kai. Ba su sami duka ba, amma sun sami wani abu.

Na biyu, rana guda a takarda tana iya raba mace da abincinta. A Ingila, cikin matan da mazansu suka rasu a bakin aiki, wadda ta yi aure a watan Maris na 2015 ta rasa, wadda ta yi a watan Mayu ta tsira. Rashin sani ya fi dare duhu.

Dokar Birtaniya ta Birtaniya ce, kowace ƙasa da tata. Amma a karkarar Nijar ma akwai gidaje da yawa da suka aurar da ɗiya ga ɗan sanda ko jandarma ko soja ko malamin lekol. Abin da ya kamata ga irin wannan gida shi ne a yi takardar aure a meri tun ana zaune lafiya, a yi ma kowane yaro takardar haihuwa, a aje su inda gara da ruwa ba su kai. Hukuma da takarda take aiki, ba da shaidar baki ba. In mai gida ya rasu, kafin a sa ranar wani aure, matar ko waliyyinta su je ofishin da ke biyan kuɗin su yi tambaya. Mene ne rabon mace? Mene ne rabon marayu? Me aure zai canza? Su nemi a nuna masu amsar a rubuce. Tambaya rabin ilimi ce.

Macen da ta shiga ajin yaƙi da jahilci, ita da kanta za ta karanta ranar da sunan da ke bisa takardarta, ba sai ta jira wani ya gaya mata ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya raya marayu, ya ba matan da aka bari mafita ta alheri.